Igiyar Rediyo Na Iya Kunna Ƙwayoyin Nano A Jikin Mutum?

Tambayar ta fito daga wani matashin malamin sakandare da ke koyar da fiziks a Daura. Ya ce magana ta yi yawa a majalisarsu cewa Turawa sun gano yadda za a zuba wa mutum wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nano, sannan a sarrafa su daga nesa da igiyar rediyo, har ana cewa an kashe ciwon daji da su. Wasu kuma sun ce an sa su cikin allurar rigakafi, ƙarfen sabis na 5G ne ke kunna su. Ɗalibansa sun tambaye shi a aji. Yana son sanin ina gaskiyar take, kuma ko zai iya yin digirinsa na biyu a wannan fanni ba tare da ya bar ƙasar nan ba.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka ba yara amsa.

Binciken gaskiya ne. An fi shekara 60 ana yin sa, kuma akwai marasa lafiyar da aka yi wa aiki da shi a asibiti. Sai dai kafin igiyar rediyo ta iya yi wa ƙwayar nano wani abu, dole a cika sharuɗɗa masu tsauri: ƙwayar ta zama ta sinadarin da ya dace, a tara ta da yawan gaske a wuri guda, sannan a shigar da mutum cikin na'urar da ƙarfinta ya ninka na ƙarfen sabis sau dubbai. In aka rasa ɗaya daga ciki, babu abin da zai faru. Sauran bayanina duka dalilin haka ne.

Ka tuna rediyon iyayenmu mai allura, wanda ake murɗawa da asuba ana neman Landan ko Kaduna. A fuskarsa an rubuta mita 49, mita 31, mita 19, mita 16. Wannan mitar awo ce ta gaske. Tsawon zangon igiyar ke nan, wato tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba. Igiyar rediyo tana gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan guda, don haka in ka raba wannan gudun da yawan kaɗawarta a sakan, tsawon zango zai fito. Mita 49 ita ce kaɗawa kusan miliyan 6 a sakan, wato megahaz 6. Sunan awon ya samo asali daga Heinrich Hertz, Bajamushen da ya fara samar da igiyar a ɗakin gwaji a 1887. Abin da injiniyoyi ke kira babbar kaɗawa tun asali shi ne megahaz 3 zuwa 30, gajeren zangon nan da muka tashi muna ji. FM tana tsakanin 88 da 108, zangonta kusan mita 3. Wayar salula da ta shigo mana a 2001 tana aiki a 900 da 1800, zango santimita 33 da kusan 17. Ita kuwa 5G, wadda hukumar NCC ta yi gwanjon lasisinta a Disambar 2021, tana kan gigahaz 3.5, wato megahaz 3,500, zangonta bai kai santimita 9 ba.

Nanomita kuma ita ce mita guda a kasa ta gida biliyan ɗaya. Kaurin gashin kai yana kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka. Ƙwayar da ake kira nano ita ce wadda ke tsakanin 1 da 100.

Yanzu ka jera su kusa da juna. Ɗauki ƙwaya mai nanomita 15, ka hura ta a zuci har ta kai girman ƙwayar gero. In ka hura zangon 5G daidai da haka, zai kai kilomita 14. In kuwa igiyar gajeren zango ce mai mita 22, tsawonta zai kai kusan tazarar Katsina zuwa Makka. To ta yaya ƙwayar gero za ta zama eriyar igiyar da ta kai wannan tsawo? Kai malamin fiziks ne, ka san eriya tana son ta kai kusan rubu'in zangon da za ta kama. Shi ya sa eriyar rediyon FM take kai kamu ɗaya da rabi. Ƙwayar nano ba ta jin igiyar a matsayin igiya. Abin da take ji kawai shi ne ƙarfin lantarki da na maganaɗisu suna juyawa a kanta, can da nan. Tambayar da ta rage ita ce ko a cikinta akwai abin da zai amsa wannan juyin.

Da haske, amsar tana da daɗi. Michael Faraday ya nuna tun 1857 cewa zinare in aka ƙanƙanta shi ƙwarai a cikin ruwa sai ya koma ja. Dalili shi ne ƙwayoyin lantarkin da ke cikin ƙwayar zinaren suna rawa daidai da kaɗawar koren haske, sai su shanye shi, jan ya rage. Kuma ka sha ganin wannan da idonka: jan layin da ke fitowa a ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro a kemis, a mafi yawansu ƙwayoyin nano na zinare ne suka taru a wurin. Amma kaɗawar haske ta ninka ta gajeren zangon rediyo sau miliyoyi. Abin da zinare ya yi da haske ba dole ya yi shi da rediyo ba, kuma a nan ne wani labari ya faru da nake so kowane ɗalibin kimiyya ya sani.

Akwai wani Ba'amurke mai suna John Kanzius, tsohon injiniya kuma mai gidajen rediyo a garin Erie. A farkon shekarun 2000 aka gano yana da kansar jini. Wahalar magani da ya sha, da ta yaran da ya gani a asibiti, ta sa ya koma ga abin da ya iya. Ya haɗa na'ura mai fitar da igiya a megahaz 13.56, ana sa abu tsakanin faranti biyu. Wannan ita ce kaɗawar da katin banki ke amfani da ita in an ɗora shi a kan na'urar POS ba tare da an zura ba, sai dai ƙarfin na'urar Kanzius ya kai ɗaruruwan wat. Tunaninsa shi ne a kai ƙwayoyin ƙarfe cikin ƙari, a kunna igiya, su yi zafi su ƙone ƙarin, lafiyayyen nama ya tsira. Wani likitan tiyata a cibiyar ciwon daji ta MD Anderson da ke Houston, Steven Curley, ya karɓi tunanin. A 2007 suka wallafa sakamako a kan zomaye masu ƙari a hanta, waɗanda aka yi wa allurar siraran bututun kabon na nano, aka ce ƙarin ya mutu bayan minti biyu a cikin igiyar. Aka kuma gwada ƙwayoyin zinare a kwalba, ruwan ya yi zafi da sauri. Duniya ta ɗauka. Kanzius ya rasu a 2009 bai ga ƙarshen aikin ba.

Masana fiziks kuwa lissafi ya ƙi fitar musu. Duk yadda suka buga, ƙwayar zinare mai wannan ƙanƙanta bai kamata ta sha igiyar megahaz 13 har ta dumama ruwa ba. Wajen 2011 wasu masu bincike suka yi abu mai sauƙi: suka sa ruwan a injin da ke juyi da gudu har ƙwayoyin zinaren suka kwanta a ƙasa, suka tsiyaye ruwan sama, suka sa shi a na'ura shi kaɗai. Ya yi zafi kusan daidai da da. Zinaren da aka wanke aka mayar cikin tsaftataccen ruwa kuwa, da ƙyar ya motsa ma'aunin zafi. Ashe gishirin da ya rage a ruwan daga haɗa ƙwayoyin shi ne ke ɗaukar lantarki yana kawo zafin. Ban ɗauki Kanzius maƙaryaci ba. Mutum ne da ciwo ya taɓa, ya ba da abin da ya rage na rayuwarsa don wasu su huta. Amma har yau na'urarsa ba ta zama maganin da hukuma ta amince da shi ba. Kuma ka lura da abin da wannan ke nufi ga jiki: jininmu da namanmu ruwan gishiri ne. Igiya mai ƙarfi a wannan kaɗawa jikin kansa take dumamawa, ko da ƙwayoyi ko babu.

Abin da ya yi aiki na gaske ba zinare ba ne. Dangin tsatsa ne. In ka tsaya wurin maƙera, za ka ga wani baƙin ɓawo yana zubowa daga jan ƙarfe duk lokacin da guduma ta sauka. In ka bi yashin kwari da maganaɗisun tsohuwar sifika bayan ruwan sama, baƙin gari zai manne masa. Sinadarin da ke cikinsu mai bin maganaɗisu shi ake kira magnatayit, haɗin ƙarfe da iskar oksijin. In aka ƙanƙanta shi ya koma ƙasa da nanomita 20 ko kusa da haka, sai wani hali ya bayyana: ƙwayar gaba ɗayanta ta zama ƙaramin maganaɗisu guda, mai arewa da kudu, amma wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya. In babu maganaɗisu a waje, kowace tana fuskantar inda ta ga dama, ba sa manne wa juna. In an kawo, duk su juya gare shi. In kuma na wajen yana sauya fuska sau dubu ɗari a sakan, sai su yi ta ƙoƙarin bin sa suna makara, kuma wannan makarar ita ke zama zafi. Hanya biyu ce: ko dai arewa da kudun su juya a cikin ƙwayar tana zaune, wanda Bafaranshe Louis Néel ya bayyana, mutumin da ya sami kyautar Nobel a 1970, ko kuma ƙwayar kanta ta mirgina tana gogar ruwan da ke kewaye da ita.

Wani likitan tiyata a Amurka mai suna Gilchrist da abokan aikinsa ne suka fara gwada wannan a 1957, a kan kaluluwar karnuka. Aikin ya daɗe yana tafiyar hawainiya, har Andreas Jordan da mutanensa a asibitin Charité na Balin suka kai shi ga mutane. A 2010 Turai ta amince da hanyar don ƙarin ƙwaƙwalwa. Ina so ka dubi yadda ake yin ta dalla-dalla, domin a nan amsar majalisarku take. Ba a hannu ake allurar ba. Ana huda ƙoƙon kai, a kai allura tsakiyar ƙarin, a zuba ruwa baƙi ƙirin mai kauri, wanda kowace mililita tana ɗauke da ƙarfe fiye da miligiram 100. Sannan a kwantar da mara lafiya, kansa a tsakiyar wata ƙatuwar na'ura da ke juya maganaɗisu a kilohaz 100, wato sau dubu ɗari a sakan, awa guda, sau shida. Ana neman zafin ƙarin ya kai wajen digiri 43, inda ƙwayoyin ciwon daji ke galabaita su kuma fi jin gashin radiyeshan da ake yi musu a asibiti. Kafin a fara, duk wani ƙarfe da ke kusa da kai, har cikon haƙori, sai an cire shi, don shi ma zai ɗau zafi. A binciken da aka wallafa a 2011, marasa lafiya 59 da ƙarin ya dawo musu sun rayu, a tsakaice, wata 13 da 'yan kwanaki bayan dawowar ciwon, alhali a wasu bincike na baya ana samun kusan wata 6. Amma an haɗa musu da gashi, kuma ba a raba su gida biyu da ƙuri'a an kwatanta ba, don haka hujjar ba ta kai ƙarfin da likitoci ke so ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar, MagForce, ya durƙushe a 2022. Ƙarin watanni ne ga mai ciwon da ya yi tsanani, kuma ba na raina wannan. Amma ba waraka ba ce.

Ka lura da lambar nan, kilohaz 100. Tana ƙasa da matsakaicin zangon rediyon ma. Ta gaza 5G sau dubu 35. Ba don sun kasa ɗaga ta ba ne. Tun shekarun 1980 Atkinson da Brezovich suka gwada a jikin mutane, suka ga in aka ɗaga kaɗawa ko ƙarfi ya wuce wani mizani, lantarkin da ke kewayawa cikin nama yana sa mutum jin zafin da ba zai jure ba. Wato a wannan fanni babbar kaɗawa cikas ce. Ana neman igiyar da za ta ratsa jiki ba ta taɓa shi ba, ta taɓa ƙarfen kawai, kuma ƙaramar kaɗawa ce ke yin haka.

Akwai kuma matsalar da mutane ba su cika tunawa da ita ba, ita ce zafi gudu yake yi. Ƙwaya guda a cikin ruwa, duk abin da ta samar na zafi ruwan ya kwashe shi nan take, kamar ka jefa tartsatsi a rijiyar Kusugu kana jiran ruwan ya yi ɗumi. Lissafi ya nuna sai ƙwayoyin sun cika wuri mai faɗin milimita guda ko fiye, a cunkushe, kafin zafin ya taru ya zama abin a zo a gani. A jiki kuma jini na zagayawa yana ƙara kwashewa.

To daga ina maganar sarrafa mutum daga nesa ta fito? Ruwa ba ya tsami banza. A 2012 masu bincike a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, ƙarƙashin Jeffrey Friedman, sun wallafa cewa sun sa ƙwayoyin halitta sun fitar da insulin a jikin ɓeraye ta hanyar igiya mai kilohaz 465, har sukarin jininsu ya sauka. A 2015 Polina Anikeeva da ɗalibanta a MIT suka tada jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera da irin wannan dabara. Jaridu suka buga cewa an sarrafa ƙwaƙwalwa da rediyo, kuma daga nan labarin ya shiga duniya babu kai babu gindi. Abin da ba a faɗa ba shi ne sai da aka fara sauya wa ƙwayoyin halittar tsari, aka dasa musu wata ƙofa mai jin zafi, ita ce wadda ke sa harshenka jin yajin barkono, mai buɗewa a wajen digiri 43. Sannan aka kai ƙwayoyin ƙarfen daidai wurin da allura. Sannan aka sa ɓeran a cikin naɗin wayar tagulla mai jan wuta sosai. Fitar da shi taku ɗaya daga naɗin, magana ta ƙare. Ko a hakan ma, a 2016 Markus Meister na Caltech ya buga lissafi yana nuna cewa wasu daga cikin irin waɗannan rahotanni, musamman masu cewa ƙarfen da jiki ke ajiyewa da kansa ya isa, sun saɓa wa dokokin fiziks da tazara mai nisan gaske.

Ga lambobin da za ka rubuta wa yara a allo. Ƙarfin maganaɗisun na'urar asibitin nan yana kai amfiya 10,000 a kowace mita, har ya wuce. Iyakar da ƙa'idar duniya ta yarda jama'a su shiga a kaɗawar gigahaz ita ce amfiya 0.16 a mita, kuma abin da ake aunawa a titi kusa da ƙarfen sabis yawanci ya gaza wannan nesa ba kusa ba. Tazarar ta haura ninki dubu 60. Zafin da ƙwayoyin ke bayarwa kuma yana bin ninkin ƙarfin a kan kansa ne, don haka ka buga dubu 60 sau dubu 60, ka shiga biliyoyi.

Batun rigakafi, ba na son a yi wa masu tsoro dariya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, shari'ar da sai 2009 aka sasanta ta. Wanda ya tambayi abin da ke cikin allura haƙƙinsa ya nema. Amsar ita ce: e, allurar korona ta Pfizer da ta Moderna suna da ƙwayoyin nano, amma na kitse ne, 'yan ƙunshi masu kusan nanomita 100 da ke riƙe saƙon rigakafin har ya shiga ƙwayar halitta, daga nan jiki ya narkar da su. Kitse ba ya bin maganaɗisu. Ta AstraZeneca, wadda ta fara isowa Najeriya a Maris 2021, ba ma wannan tsarin ba ce. Ruwan allurar gaba ɗaya bai wuce rabin mililita ba. Ka kwatanta da wannan: akwai maganin ƙarancin jini da Amurka ta amince da shi a 2009 ga masu ciwon ƙoda, ferumoxytol, wanda shi ƙwayoyin nano ne na haɗin ƙarfe da oksijin masu bin maganaɗisu, ana zuba miligiram 510 a jijiya lokaci guda. Waɗanda ake zuba wa shi suna komawa gida da waya a aljihu. Kai ma da kake karanta wannan, hantarka cike take da wani furotin mai suna feritin, ƙunshi mai nanomita 12 da Allah ya halitta don ajiyar ƙarfe, kowane guda yana iya riƙe zarra dubu huɗu da ɗari biyar.

Wannan ba yana nufin igiyar rediyo ba ta da abin kiyayewa ba. Ba ta da ƙarfin tsinka sinadaran gado kamar hasken hoton ƙashi. Makamashin da ƙunshi ɗaya na igiyar 5G ke ɗauke da shi ya gaza abin da ake buƙata don tsinka su sau dubu ɗaruruwa. Illar da aka tabbatar ita ce zafi, ga wanda ya tsaya dab da bakin eriya, kamar masu hawa ƙarfen suna gyara. A 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyar rediyo a rukunin abubuwan da ba a kore yiwuwar illarsu ba, saboda hujjar ba ta yanke ba, kuma ana ci gaba da bibiya.

Kafin in zo kan karatunka, ka sani likitanci ɓangare ne kawai. Buɗe tsohon rediyo, za ka ga wani baƙin sanda da aka naɗe da siririyar waya. Ferayit ke nan, ɗan'uwan magnatayit, shi ke tattaro igiyar matsakaicin zango. Wani masani a kamfanin Philips, Snoek, ya nuna a 1948 cewa duk yadda ferayit ya ƙara ƙarfin tattarowa, kaɗawar da zai iya bi tana raguwa. Yawancin binciken nano a babbar kaɗawa yau ƙoƙarin tsallake wannan shinge ne: a sami abin da zai ƙanƙanta eriya, ko ya shanye igiyar da ba a so don kada na'ura ta dami 'yar'uwarta, ko ya ɓoye jirgi daga rada. Nan girafin ya shigo, wata shimfiɗar kabon mai kaurin zarra ɗaya da aka ware a Manchesta a 2004, da dangin MXene, wasu siraran shimfiɗu masu ɗaukar lantarki da aka gano a Jami'ar Drexel a 2011, da tawadar azurfa ta nano da ake buga eriya da ita a kan takarda.

Za ka iya yin digirin a nan? Za ka iya, in ka zaɓi tambayar da ta yi daidai da kayan da ke hannunka. Haɗa magnatayit na nano ba wuya. Hanyar da Massart ya wallafa a 1981 har gobe ita ake bi: gishirin ƙarfe iri biyu, kashi ɗaya na mai caji biyu da kashi biyu na mai caji uku, a zuba ruwan amoniya ana motsawa, nan take ruwan ya koma baƙi, ka kawo maganaɗisu ka ga ya bi shi. Kowane ɗakin gwajin kemistiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma zai iya wannan da rana guda. Wuyar tana wurin tabbatar da abin da ka haɗa: girmansa nawa, tsarinsa wane iri, ya dunƙule ko bai dunƙule ba. Wannan yana buƙatar na'urar eksire ta duba tsarin sinadari da madubin lantarki. Kafin ka rubuta shawarar bincikenka, ka bi sawu da kanka, Zariya ko cibiyar Sheda ta Abuja ko wani wuri, ka ji wace na'ura ke aiki a yanzu, nawa ake biya kowane samfur, kuma wata nawa ake jira. Na ga ɗalibai da yawa da aikinsu ya tsaya shekara guda a wannan gaɓar.

Abin da ke damuna da yawancin ayyukan da nake dubawa shi ne sun tsaya a sauyin launi. A dafa ganyen zogale ko na bedi, a zuba a ruwan azurfa, ruwa ya koma ruwan ƙasa, a rubuta an sami nano. Hanyar ba laifi ba ce, amma ɗaruruwa sun riga sun yi, kuma launi kaɗai ba ya gaya maka girma. Kai da kake da fiziks, ka tafi wajen awo. Akwai ƙananan allunan dumama ƙarfe da ake sayarwa da araha, masu aiki a kusa da kilohaz 100, waɗanda za ka iya auna zafin ƙwayoyinka da su. Akwai kuma 'yar na'urar NanoVNA, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana auna yadda abu ke sha ko mayar da igiya har cikin gigahaz. Da ita za ka iya tambayar abin da ba kowa ya tambaya ba: jar ƙasarmu mai ƙarfe, ko gawayin ɓawon gyaɗa, ko na karan dawa, in aka cuɗa da magnatayit a cikin kakin kyandir, nawa yake shanyewa a megahaz 900 da 1800 da 2400? Wannan tambaya ce mai amsa da lamba, kayanta suna bayan gidanku, kuma batir da sola sun isa su riƙe ta in an ɗauke wuta.

Sai dai ka riƙe darasin gishirin nan da hannu biyu. Wani ɗalibina ya taɓa zuwa ofis da murna, ma'auni ya nuna zafi ya tashi sosai a kwalbarsa. Na ce ya koma ya sa kwalbar ruwa zalla a wuri guda, na tsawon lokaci guda. Ita ma ta yi zafi kusan haka. Naɗin tagullar ne ke ɗaukar zafi yana gasa kwalbar daga waje, ga kuma zafin Afirilun Katsina a ɗakin da fanka ba ta juyawa. Mun sake tsarin: ruwan sanyi yana bi ta cikin bututun naɗin, kwalbar a cikin soso mai tsare zafi, ma'aunin kuma na gilashi mai jan ruwa, domin mai bakin ƙarfe shi kansa yana zafi a cikin maganaɗisu mai juyawa. Abin da ya rage bayan an cire na kwalbar shaida, wato ta ruwa zalla, ɗan kaɗan ne, amma nasa ne na gaskiya, kuma da shi ya kare aikinsa. Ka wanke ƙwayoyinka sau da yawa, ka ajiye ruwan wankin ƙarshe, shi ma ka auna shi. Busasshen garin nano kuma kada ka shaƙe shi. Ka yi aiki da shi a jiƙe, da takunkumi da safar hannu. Kuma kada ya kusanci jikin mutum ko dabba ba tare da izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba. Duk wanda ya zo muku da ruwan nano a kwalba ko wata na'ura yana cewa tana kashe ciwon daji, ku kai mara lafiyarku asibitin koyarwa a duba shi tun ciwon bai yi nisa ba.

Su kuma yaran ajinka, ka bar su su gani da idonsu. Ka sa maganaɗisun sifika a leda, su ja shi cikin yashi su tara baƙin garin nan cokali biyu. Ba nano ba ne, ya fi haka girma nesa, amma sinadarin ɗaya ne. Ku zuba a kwalba da ruwa, ku cika wata kwalbar da ruwa zalla, kowace da ma'aunin zafi, a inuwa guda. Ku ajiye waya a tsakaninsu ana kira, tazarar yatsa biyu daga kowace don kada ɗumin batir ya taɓa gilashin. Kowane minti biyar yaro ɗaya ya karanta, wani ya rubuta a allo, har rabin awa. Sannan ka ba su 0.16 da 10,000, ka ce su raba.